Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ya ku malamai da fatake, ku sani a ƙasar Indiya, inda mutanenmu ke zuwa neman magani da sarin haja, akwai wani jirgin ƙasa na kwana da ake ce masa Rajdhani, wanda ya fara zirga-zirga tsakanin Delhi da Mumbai a shekarar 1972. Yakan tashi daga Delhi wajen ƙarfe 5 na yamma, ya kwana yana gudu, ya bi ta Kota da Vadodara da Surat, birnin masaƙu, ya shiga Mumbai wajen ƙarfe 8 da rabi na safe. Nisan tafiyar ya kusa kilomita 1,400.

To, abin da nake son faɗakar da ku shi ne, ba duk mai riƙe da tikiti ke da gado ba. Ku dubi haruffan da aka buga a jikinsa. In an sa CNF, gadonka ya tabbata. In RAC ne, za ka shiga, amma ku biyu za ku raba gado ɗaya. In kuwa WL ne, kana cikin masu jira, sai wani ya fasa. Idan jiran bai ƙare ba har aka fitar da sunayen matafiya, tikitin da aka saya ta intanet ya ɓaci, a mayar maka da kuɗinka, kai kuwa ga ka a baƙon gari da kayanka, watakila har da majinyaci.

Maganin wannan shi ne sammako. Tun daga watan Nuwamba na 2024, ana fara sayar da tikiti saura kwana 60 a tashi. Wanda ya san ranar tafiyarsa, ya yanka tun yana gida, da sunan da ke cikin fasfonsa.

Sa'an nan ku zaɓi taragu da hankali. A 3A gadaje hawa uku ne, a 2A hawa biyu da labule, 1A kuwa ɗaki ne mai ƙofa. Dattijo ya nemi gadon ƙasa, gama an keɓe wani kaso ga maza 'yan shekara 60 da mata 'yan 45 zuwa sama. Sai dai ya sani gadon ƙasa mazaunin abokan tafiya ne, ban da tsakanin ƙarfe 10 na dare da 6 na safe.

Magariba da lisha da asuba duk a cikin jirgi za su same ku, saboda haka ku shiga da alwala. Da yake kudu jirgin ya nufa, galibi alƙibla tana hannunku na dama. Jaka a tura ta ƙarƙashin gado a ɗaure da sarƙa, fasfo da kuɗi kuwa su kwana a jikin mai su.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Haza wasalam.