Darasin zane a firamare: abin da manhaja ta tanada da abin da yaran Dandamisa ke da shi a ƙofar gida

Bayan girbin dawa a mazaɓar Dandamisa da ke Ƙaramar Hukumar Makarfi, kara yana yin araha, kuma yara ne suka fi kowa sanin amfaninsa. Su ɓare ɓawon, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su soke wannan cikin wancan har mota ta fito da tayoyinta. Yaron da ya ƙera motar kara ya auna tsawo, ya daidaita gefe da gefe, ya bambance da'ira da murabba'i. Waɗannan na cikin abubuwan da ake so ya koya a darasin zane da ƙere-ƙere.

Darasin ba na ganin dama ba ne. Yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da hukumar NERDC ta tsara, an kuma haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a cikinsa. Tushensa kaɗan ne: layi, siffa, launi, santsi ko kaushin abu, sai tsarin da ke maimaita kansa, irin na faifai da hular zanna. Matsalar ita ce a ajujuwa da yawa ana koyar da shi kamar tarihi: malami ya rubuta ma'anar launi a allo, yara su kwafa, su haddace, a tashi ba wanda ya taɓa launi da hannunsa.

Ɗan shekara biyar ko shida da hannu yake fahimta. Idan ya ja layi da yatsa a rairayi, ya murza yumɓu ya zama igiya, ya naɗe ta ta zama kasko, yatsunsa na samun ƙarfin da zai riƙe fensir da shi. Lanƙwasar da ya saba da ita a ƙasa ita ce zai tarar a harafin boko da na ajami. Don haka darasin yana yi wa karatu da lissafi hidima ne, ba cinye musu lokaci yake yi ba.

Uzurin da aka fi bayarwa shi ne rashin kayan aiki, kuma shi ne mafi rauni. Duk almajiri ya san yadda ake haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Akwai jar ƙasa da farar ƙasa, gangamau na ba da rawaya, karan dafi na ba da jan da dukawa ke rina fata da shi. A Hunkuyi, hedikwatar Kudan mai maƙwabtaka, maginan tukwane na nan da sana'arsu. Iyayen da ke ƙyamar zana mai rai kuwa, zayyanar allo da dagin da ke jikin ginin Zazzau sun isa a koyar da layi da siffa da tsari gaba ɗaya ba tare da an zana ko tsuntsu ba.

Tunanin ma ba baƙo ba ne a wannan yanki. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta dage a gina fasahar zamani a kan ta gargajiya, maimakon kwaikwayon Turai kawai.

Abin da ya fi wuya shi ne malami da lokaci. Aikin hannu na buƙatar aji mai ƙarancin cunkoso da malamin da aka horar ya raba yara rukuni-rukuni. A nan ne hukuma ta shigo. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, kuma horar da malamai da samar da kayan koyarwa na cikin abin da ake kashe kuɗin a kai. A Kaduna, hukumar SUBEB da sashen ilimi na ƙaramar hukuma ne ke aiwatarwa. Kwamitin kula da makaranta na kowane gari yana da hurumin tambayar shugaban makaranta sau nawa darasin ke fitowa a jadawalin mako, da kuma abin da yara suka ƙera a zangon da ya wuce.