Wace Tsutsa Ce Wannan? Yadda Ake Gane Malam-buɗe-littafi da Danginsa

Tunda damina ta kankama, duk wanda ya zagaya bayan ajujuwa da hantsi zai ga malam-buɗe-littafi iri-iri suna shawagi, da dare kuma ƙananan ƙwari masu fiffike su yi dafifi a jikin fitila. Yawancinmu suna biyu kawai muka sani: in yana tashi malam ne, in yana rarrafe tsutsa ce. To amma wani masani ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya wallafa littafi a 2005 inda ya tattara kusan nau'i 1,500 na malam-buɗe-littafi a Afirka ta Yamma kaɗai, fiye da 1,000 daga cikinsu akwai su a Nijeriya. Ba mai iya haddace su duka. Abin da za mu iya shi ne gane na kusa da mu, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a fara duban shukar da aka same su a kai.

Kafin nan, mu raba malam da ɗan'uwansa faɗa-wuta, wato wannan da ke kai kansa ga fitila da dare. Dubi 'yan ƙahonni biyu da ke kansu. Na malam siriri ne mai ɗan ƙullutu a ƙarshe, kamar tsinken ashana. Na faɗa-wuta kuwa ko dai kamar zare yake, ko kamar gashin kaza. Malam in ya sauka yakan haɗe fikafikansa sama, ya buɗe ya rufe, daga nan ma ya samo sunansa. Faɗa-wuta yakan shimfiɗa nasa, ko ya kifa su a bayansa kamar jinka, jikinsa kuma ya fi kauri da gashi. Akwai masu cewa malam na rana ne, faɗa-wuta na dare. Galibi haka ne, sai dai akwai faɗa-wuta masu launi da ke yawo da rana tsaka, don haka ƙaho ya fi zama shaida. Garin nan da ke maƙalewa a yatsa in an kama ɗayansu ba ƙura ba ce. Wasu ƙananan ɓawo ne da ke jere a fiffike, su ne ke ba shi launi, kuma in sun goge ba sa dawowa.

Dukansu ta hanya ɗaya suke biyowa: ƙwai, tsutsa, sai kwanci a cikin kwanso, sannan mai fiffike ya fito. Uwar ba ta yin ƙwai a ko'ina. Tana ɗanɗana ganye da ƙafafunta, sai ta tabbatar irin abincin 'ya'yanta ne sannan ta ajiye ƙwan. Shi ya sa sanin shuka rabin aikin ne.

Mu fara da tumfafiya, wadda ba makarantar da ba ta da ita a bakin katanga. Awaki ma ba su cika kula ta ba saboda farin ruwanta mai guba. Juya ganyenta a hankali, za ka iya samun tsutsa mai zobe-zoben baƙi da fari da ɗigon rawaya, da wasu baƙaƙen zaruruwa shida, biyu-biyu a wuri uku na bayanta. Ba ta ɓuya, don ba ta da dalilin ɓuya. Gubar da take ci a ganyen tana taruwa a jikinta, ta bi ta har ta zama malam. Malamin nan kun san shi: ruwan goro ne, bakin fikafikansa na gaba baƙi da ɗigo-ɗigon fari, kuma a ƙasarmu fikafikansa na baya yawanci farare ne. Lura da tashinsa. A hankali yake tafiya, cikin ƙasaita, kamar wanda ya san ba mai taɓa shi. Tsuntsun da ya taɓa haɗiyar irinsa ya sha wuya ba ya sake kuskure. Masana kimiyya suna kiransa Danaus chrysippus.

Abin dariya, akwai wani malamin da ba ruwansa da tumfafiya, amma macensa ta ari rigar wannan, kusan ba a bambanta su. Tsuntsaye su gan ta su kauce. Namijinta kuwa baƙi ne mai manyan fararen tabo da shuɗi-shuɗi a gefensu, wanda bai sani ba zai rantse ba danginsu ɗaya. In kana son raba mai aron riga da mai rigar, dubi fiffiken baya. Na tumfafiya yana da 'yan baƙaƙen ɗigo uku ko huɗu a tsakiya, ita kuwa ba ta da wannan jerin.

Sai bishiyar lemo. In ka ga wani abu kamar kashin tsuntsu a kan sabon ganye, baƙi-baƙi da fari a tsakiya, dakata ka ƙara dubawa. Sau da yawa tsutsa ce ƙarama ta yi wannan shigar don kada a cinye ta. In ta girma sai ta sake kaya ta koma koriya shar. Taɓa ta da tsinke, nan take za ta fito da wani abu mai reshe biyu, ruwan lemo, daga bayan kanta, da wani wari mai hawa kai. Ba harbi ba ne, barazana ce kawai. Ita ce ke zama babban malamin nan baƙi mai zanen rawaya, mai wasu tabo kamar idanu a fiffiken baya, wanda ko yana shan ruwan fure fikafikansa ba sa daina karkarwa. Babbar bishiya ba ta jin cin da take yi mata, amma ƙaramin dashe tana iya yi masa tas. Masu kula da lambun makaranta sai su tsince ta da hannu.

Fararen nan da masu rawaya da ke taruwa a bakin kududdufi bayan ruwan sama kuwa, da yawansu a kan tafasa da rai-ɗore suka tashi. Ba ƙishirwa kaɗai ke kai su laka ba, gishirin ƙasa suke tsotsa, kuma galibinsu maza ne.

Yanzu ga wadda ya kamata kowane ɗalibi ya iya ganewa ko daga barci aka tashe shi. Asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka, Nijeriya na cikin wuraren farko. Cikin 'yan shekaru ta game kusan duk nahiyar. Masara ta fi so, amma tana cin dawa da gero. Uwarta faɗa-wuta ce ruwan toka wadda ba za ka duba sau biyu ba, tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya, tana kuma zuba ƙwai a dunƙule, 100 zuwa 200 a wuri guda, ta lulluɓe su da wani abu kamar auduga.

Alamar farko ita ce ganyen masara ya yi farin tabo-tabo, an kankare korensa an bar fata kamar leda. Daga baya sai manyan huji, da kashi kamar dusar katako a cikin mazurarin nan na tsakiya inda sabon ganye ke fitowa. Buɗe wurin da sassafe ko da yamma, a nan take kwance. Abu biyu za ka duba. A goshinta akwai farin zane kamar harafin Y da aka juya ƙasa. Kusa da wutsiyarta kuma akwai baƙaƙen ɗigo huɗu da suka yi murabba'i. In ka ga waɗannan biyu, ita ce. Manyan suna cinye junansu, don haka da wuya ka sami fiye da ɗaya ko biyu a kara guda, kada hakan ya sa ka raina ta. Sanar da malamin aikin gona a ranar. A ƙaramar gona irin tamu, murƙushe ƙwai da tsince tsutsa sau biyu a mako yana rage ɓarna ƙwarai, wasu manoma kuma suna zuba toka ko yashi a cikin mazurarin. Feshi sai da shawarar malamin gona, domin maganin da ya kashe ta ba ya barin zuma da zanzaro da sauran ƙwarin da ke farautarta.

A shekarar nan ta 2016 ne kuma wani ɗan mitsitsin faɗa-wuta, da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba sosai, ya durƙusar da manoman tumatir a Kano da Kaduna. Manoma suna ce masa sharon. Tsutsarsa cikin naman ganye take shiga ta yi ta haƙa, sai ka ga farin zane kamar an yi taswira.

Kada wannan ya sa mu ɗauki kowace tsutsa abokiyar gaba. A ganina mun fi kashe waɗanda ba su yi mana komai ba, don kawai sun fi ban tsoro. Ƙatuwar nan mai ƙaho a wutsiya da ake samu a ganyen dankali, ƙahon ado ne, ba ya harbi. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi kuwa, wasu tsutsotsi ne da ke zama jama'a guda suke saƙa shi, su yi wa kansu gida ɗaya su kwanta a ciki. Wadda za a yi hattara da ita ita ce mai gashi, irin su gizaka. Gashinta yana karyewa a fata ya sa ƙaiƙayi da kumburi, saboda haka da ganye ko tsinke ake ɗaukarta. Kuma ba duk mai rarrafe ce 'yar malam ba. Tsutsar malam ko ta faɗa-wuta tana da ƙananan ƙafafu shida a gaba, da wasu gajeru masu kauri a ciki da wutsiya da take maƙalewa da su. Tsutsar ƙuda ba ta da ƙafa ko ɗaya, gwazarmar juji kuwa 'yar buzuzu ce da danginsa.

Mai son gwadawa ba ya buƙatar komai sai littafin rubutu da fensir. Lokacin da ya fi shi ne hantsi, daga Agusta zuwa Oktoba. Tafi a hankali, kada inuwarka ta faɗa kan malam, don da ta taɓa shi zai tashi. Rubuta kwanan wata, shukar da ka same shi a kai, launinsa, girmansa in an gwada da yatsa, da yadda ya riƙe fikafikansa. 'Yan kwana suna da wata dama: su rataya farin zane kusa da fitilar ɗakin kwana, da izinin malamin gida, su ga baƙin da za su sauka kafin a kashe wuta. A sa takalmi in za a shiga ciyawa, kuma in ruwan tumfafiya ya taɓa hannu a wanke da sabulu kafin a kai shi kusa da ido.

In ka sami tsutsar da ba ka sani ba, sa ta a kwalba mai faɗin baki, ka rufe da yankin gidan sauro. Ba ta sabon ganyen da ka same ta a kai kullum, galibi wani ganye dabam ba za ta ci ba ko yunwa za ta kashe ta. Saka ɗan tsinke a tsaye. Ta tumfafiya za ta rataye kanta ƙasa, ta koma ɗan kwanso kore ko mai ɗan ja-ja da ɗigon zinariya, bayan mako ɗaya zuwa kwana goma malam ya fito da fikafikai a yamutse. Bar shi awa ɗaya ko biyu su miƙe su bushe kafin ka buɗe masa. Wanda ya yi wannan ya zana abin da ya gani ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa shi a allon nan a fitowa ta gaba.