Titi Baki Biyu Gare Shi

Tun da aka ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry a 2024, mai tsawon kilomita 1,068, wanda zai ratsa Jihar Kebbi, zancen majalisun Kambaza da Gwandu da Kalgo bai wuce ɗaya ba, wato wai da zarar an malala kwalta arziki ya iso, sai dai kowa ya tanadi buhu. Ban musa fa'idar titi ba, amma wannan ƙiyasi gurgu ne, kuma malaman da ke nazarin dalilin da ya sa dukiya ke taruwa a wani gari ta ƙaurace wa wani sun daɗe da gano gurguncinsa.

Mas'alar tsohuwa ce, domin Ibn Khaldun ya tattauna yadda sana'o'i ke bunƙasa gwargwadon cikar birni, kana Paul Krugman ya zuba ta cikin lissafi a 1991. Sabon abu shi ne hanyar tabbatar da hujja. Wani masani, Benjamin Faber, ya ɗauki manyan titunan da Sin ta shimfiɗa tsakanin biranenta, ya kwatanta ƙananan gundumomin da titi ya bi ta kansu don kawai suna bisa hanya da takwarorinsu da ya kauce wa, sai ga shi a 2014 ya bayyana cewa masana'antun waɗanda suka sami titin sun fi jinkirin haɓaka.

Abin ba sihiri ba ne. Motar da za ta kwashi albasa da shinkafa ta kai Legas da araha, ita ce za ta komo da kayan da za su karya tela da maƙeri da mai ƙaramin injin casa, waɗanda a da nisa ne garkuwarsu. Kamar manomin fadama ne ya fasa kunya tsakanin fangali biyu yana fatan ruwa ya zo masa, alhali nasa ne a tudu. Ko mai shuka a gindin kuka, ga inuwa amma ba yabanya. Ko ƙaramar kasuwa da ranar cinta ta yi karo da ta Jega.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Wasu masana biyu, Atkin da Donaldson, sun bi farashin kaya iri ɗaya daga masana'anta zuwa garuruwa masu nisa, suka ƙiyasta a 2015 cewa tsadar da nisa ke ɗora wa kaya a Nijeriya da Habasha ta ninka ta Amurka sau huɗu zuwa biyar, wadda galibi talakan ƙauye ke biya. La'alla manomi zai ci riba, mai sana'a ya ji jiki, kuma lissafi ne kaɗai zai nuna wanda ya rinjaya.

To, da me mahukunta za su yi lissafin? Rabonmu da ƙidaya tun 2006. Masana kan cike giɓin da hoton hasken lantarki da tauraron ɗan'adam ke ɗauka da dare, suna auna wadatar gari da haskensa. Amma daren da aka ɗauke wuta a Kambaza, ko da rumbuna sun cika maƙil, tauraron nan duhu zai rubuta.