Rinin Gashi Ga Mai Juna Biyu

Idan watan haihuwa ya kama, mata kan yi kitso da rini don shirin suna. A ɗakin awo mukan ga goshi ya yi baƙi, wani lokacin har da kumburi.

'Yar'uwa, kafin ki fara, ki shafa man Vaseline a goshi, kunnuwa da ƙeya, ki sa safar hannu. Inda rinin ya ɗiga, ki wanke nan take da sabulu. Ban da kananzir.

Tabo kan goge cikin kwanaki kaɗan. Abin da ya fi damunmu shi ne baƙin dayis mai sinadarin PPD, wanda kan sa fata ta yi bororo. Ki ɗan shafa a bayan kunne, ki jira awa 48. Idan fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a garzayo asibiti.