An ɗage hukunci kan takardarka a jami'ar Amurka: me ya kamata ka yi kafin Janairu?

A tsakiyar watan Disamba ne jami'o'in Amurka da dama ke fitar da sakamakon ɗaliban da suka nemi gurbi a zagayen farko, wanda galibi ake rufe shi ranar 1 ga Nuwamba. Amsa iri uku ce: an ɗauke ka, an ƙi ka, ko kuma an ɗage hukunci. Wannan ta ukun ita ce ke jefa iyalai cikin ruɗani, har da ƴan Nijar mazauna New York da Greensboro da ƴaƴansu ke ajin ƙarshe na sakandare.

Ɗage hukunci na nufin jami'a ta mayar da takardar ɗalibi cikin babban zagaye, za a sake duba ta tare da ta sauran masu nema, amsa kuma sai ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Ƙofa ba ta rufe ba, amma nauyin amsar ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a. MIT kan ɗage hukunci kan kaso mai yawa na masu neman zagayen farko, yayin da Stanford ke ɗage kaɗan, ta yanke wa mafi yawa hukunci nan take.

Abu na farko shi ne karanta wasiƙar da natsuwa. Wasu jami'o'i na karɓar ƙarin bayani, wasu sun ce kada a aiko da komai. MIT, alal misali, tana da fom na musamman da ɗalibi ke cikawa a watan Fabrairu. Wanda ya tura tarin takardu inda aka ce ba a so, ya nuna bai bi umarni ba.

Inda aka ba da dama, ɗalibi ya rubuta gajeriyar wasiƙa wadda ba ta wuce shafi guda ba. Ya tabbatar cewa har yanzu yana son jami'ar, sannan ya faɗi sabon abin da ya samu tun Nuwamba: makin da ya ƙaru, kyautar da ya ci, ko aikin da ya kammala. Koke da maimaita tsohon bayani ba sa ƙara masa komai. Ya kuma tabbatar makarantarsa ta aika sakamakon tsakiyar shekara, domin sau da yawa abin da jami'a ke jira ta gani ke nan.

Babban haɗarin shi ne zaman jira. Yawancin jami'o'i na rufe babban zagaye tsakanin 1 zuwa 15 ga Janairu, wato makonni biyu zuwa huɗu kacal bayan fitowar sakamakon Disamba. Ɗalibin da ya rataya begensa kan jami'a guda zai iya wayar gari a Afrilu ba shi da ko ɗaya. Don haka ya kammala sauran takardunsa a manhajar Common App, ya haɗa da jami'o'in da makinsa ya isa shiga, kuma iyayensa za su iya ɗaukar kuɗinsu. Takardun neman tallafin karatu ma suna da nasu wa'adi, kada a bari ya wuce.

Akwai sauƙi guda. Wanda ya nema ƙarƙashin tsarin da ke ɗaure ɗalibi da alƙawarin shiga idan an ɗauke shi, da zarar an ɗage hukunci alƙawarin ya warware. Yana iya neman wata jami'a a zagaye na biyu na wannan tsari a Janairu, kamar yadda Jami'ar New York da ta Chicago ke yi, ko ya jira ya kwatanta tayin da zai samu kafin 1 ga Mayu, ranar da akasari ake bayar da amsa ta ƙarshe.

Ga iyaye kuwa, faɗa ba shi da amfani a waɗannan makonni. Abin da yaro ke buƙata shi ne a zauna da shi, a rubuta ranakun rufewa ɗaya bayan ɗaya, a tanadi kuɗin fom ko a nemi a yafe masa.