Tawayen Sawaba: Yadda Ƙuri'ar "A'a" Ta Koma Bindiga a Nijar

Kafin zuwan Turawa, ikon Gwandu ya miƙa yamma har Say, a gaɓar Kogin Kwara. Ingila da Faransa ne suka zauna a 1890 suka ja layi daga Say zuwa Tafkin Cadi, suka yi ta gyara shi har 1906. Shi ya sa mutumin Kalgo da ya nufi Kamba, da ya ƙetara Gaya sai ya zama baƙo a cikin danginsa. A bayan wannan layin aka yi wani ɗan gajeren yaƙi a 1964 wanda yaranmu ba sa jin labarinsa a makaranta.

Tushensa na cikin 1950. A shekarar ne babbar jam'iyyar RDA ta ƙasashen renon Faransa ta raba gari da jam'iyyar kwaminisanci ta Faransa don ta shirya da masu mulki. Djibo Bakary, malamin makaranta kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago, ya ƙi bin wannan layi, ɗan'uwansa Hamani Diori kuwa ya bi. Bakary ya tara direbobi da 'yan dako da ƙananan 'yan kasuwa da leburori, jam'iyyarsa ta yi suna da Sawaba, kuma a 1957 shi ke jagorantar gwamnatin Nijar.

Sai Janar De Gaulle ya kira ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba, 1958: ko a zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, ko a tafi nan take. Bakary ya ce a jefa "a'a", kamar yadda Sekou Toure ya ce a Gini. Faransa ta haƙura da Gini, amma ban da Nijar. Ta sha kashi a Biyetnam a 1954, tana tsakiyar yaƙi a Aljeriya wadda ke iyaka da Nijar, ga kuma yuraniyom da aka gano a Azelik a 1957. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka juya sarakuna, aka tsorata masu zaɓe. Sakamakon hukuma ya ce kashi 78 cikin ɗari sun ce "i", alhali mafi yawan masu rajista ba su ma fita ba. Bakary ya sauka, aka haramta Sawaba a 1959.

A ganina nan aka haifi yaƙin. An yi ta kiran 'yan Sawaba 'yan gurguzu, to amma ɗan dakon da ke sauke buhunan gyaɗa a Maraɗi haraji da wulaƙancin dogarai ne suka dame shi. Sai da aka toshe masa akwatin zaɓe sannan jam'iyyarsa ta nemi masu ba ta makami, kuma waɗanda suka amsa su ne Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Ghana ta Nkrumah. Abin da Faransa ke cewa tana tsoro, da hannunta ta jawo shi.

A ƙarshen daminar 1964 wasu ɗaruruwan samarin Sawaba suka kutsa Nijar ta iyakokin Nijeriya da Dahomey da Mali. Sun zaci ƙauyuka za su tashi su mara musu baya, kuma wannan lissafi ya ci rayukansu. Gwamnati ta riga ta sami labari, ta sa mutanen karkara farautarsu, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A Afrilun 1965, ranar Babbar Sallah, wani ɗan Sawaba ya jefa wa Diori, wanda ke mulkin Nijar a lokacin, gurneti a filin Idi. Diori ya tsira, wani yaro ya rasu. Da aka hamɓarar da Nkrumah a 1966 sansanonin Sawaba na Ghana suka watse.

Bakary ya koma gida daga gudun hijira bayan juyin mulkin Seyni Kountche na 1974. A 1975 Kountchen ya jefa shi kurkuku, ya shafe shekaru a ɗaure, ya rasu a Yamai a 1998.