Yadda Amurka ta bar "ba ruwana" ta shiga yaƙin duniya, har ƙurar ta iso kasuwar Tasawa

Duk ɗan kasuwar Tasawa ko Mayahi ya san abin da rufe iyaka yake nufi. Mun gani a 2019 da Najeriya ta rufe tata, mun sake gani a 2023, kaya suka yi tsada, ciniki ya tsaya. Amma kakanninmu sun riga mu ɗanɗanar wannan tun 1940, kuma abin da ya kawo musu sauƙi ya faro ne daga wata ƙasa mai nisa wadda da farko ta rantse ba ruwanta da yaƙin kowa, wato Amurka.

Bashin da ba a biya ba

Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917, ta rasa sojoji fiye da dubu 100, ta kuma ba ƙasashen Turai bashi mai yawa wanda akasarinsu suka kasa biya. Kowace ƴar kasuwa ta san zafin wannan. Shi ya sa Amurkawa suka ce sun tuba. A 1934 majalisarsu ta hana ba da rance ga duk ƙasar da ba ta biya tsohon bashi ba, a 1935 kuma ta hana sayar da makamai ga ƙasashen da ke faɗa da juna.

Da yaƙi na biyu ya ɓarke a watan Satumba na 1939, shugaba Roosevelt ya sa aka sassauta dokar: mai son makamai ya zo da kuɗinsa a hannu, ya kwashi kayansa da jirgin ruwansa. Ba bashi, ba rakiya. Wannan ciniki ne irin na mai rumfar da ke son riba amma ba ya son rigima.

Iyaka ta zama bango

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. Gwamnan Dakar, Pierre Boisson, wanda Nijar ke ƙarƙashinsa, ya bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, alhali Najeriya tana hannun Ingila mai yaƙi da Jamus. Ta haka Tasawa da Katsina, dangin juna, suka wayi gari a ɓangarori biyu masu gaba.

Kafin nan fatake na kai gyaɗa da fatu da dabbobi kudu, inda jirgin ƙasa ke jira a Kano, su komo da atamfa da goro. Sai aka tsaurara tsaron iyaka. Tufafi suka yi wuyar samu, ga haraji, ga aikin dole, ga karɓar hatsi da dabbobi da sunan taimakon Faransa. Masu ƙarfin hali suka koma fasa-ƙwauri ta daji, wasu kuma suka kwashe iyalansu suka tsallaka ƙasar Ingilishi.

Daga kuɗi hannu zuwa aro

A ƙarshen 1940 kuɗin Ingila suka kusa ƙarewa. Roosevelt ya yi wa mutanensa misali da gobara: in gidan maƙwabci ya kama wuta, ai ba a tsayawa cinikin tiyon ruwa, ara masa ake yi. Mu ma Hausawa mun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Maris na 1941 aka kafa dokar ba da aron kayan yaƙi, wadda kafin ƙarshen yaƙin ta ci kusan dala biliyan 50 na Amurka.

Wani sashe na kayan nan ta kusa da mu ya bi. Akwai hanyar jiragen sama da ta tashi daga gaɓar tekun Gana ta yau, ta bi Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, wato Njamena, zuwa Khartum da Masar. Tun a 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya fara aiki a wannan hanya. Ke nan ƙasar da ta ce ba ta yaƙi, jiragenta na shan mai a Kano.

Wanda ya ba da kaya bashi, ransa na kan wanda ya karɓa, don in ya faɗi sun faɗi tare. A ɗaya gefen kuma, Amurka ta daina sayar wa Japan man fetur a tsakiyar 1941 saboda mamayar da take yi a Asiya. Ranar 7 ga Disamba 1941 jiragen Japan suka faɗa wa sansanin Pearl Harbor, suka kashe Amurkawa kusan 2,400. Bayan kwana 4 Jamus ita ma ta shelanta yaƙi da Amurka. Zancen "ba ruwana" ya ƙare.

Abin da ya iso gare mu

Ranar 8 ga Nuwamba 1942 sojojin Amurka da na Ingila suka sauka Maroko da Aljeriya. Kafin watan ya fita, Boisson, wanda a 1940 ya sa aka buɗe wa jiragen Ingila da na Janar de Gaulle wuta a Dakar, ya juya ya bi ɓangarensu. Nijar da Najeriya suka daina zama abokan gaba, hanyar kudu ta fara sakewa. Wahala dai ba ta yaye nan take ba, domin an ci gaba da ɗibar samari soja da karɓar kayan gona, aikin dole kuwa sai a 1946 aka soke shi.

Amurka, da tekuna biyu da suka kewaye ta, ba ta iya rufe ƙofarta ba, domin cinikinta ya riga ya ɗaure ta da masu faɗan. Balle mu da abincinmu ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya taɓa kuɗin fulawa da takin zamani har a rumfunanmu. Don haka, Hajiya mai tuyar fanke da Alhaji mai buhunan wake, in an zo labarin duniya a rediyo kada a murɗe akwatin, a saurara, don sau da yawa farashin gobe ne ake faɗa.